Girman Kai

Shekara da shekaru mutanen ƙauyenmu suna cewa ina da girman kai. Da aka kai ni asibiti aka duba, sai aka tarar gaskiyarsu ce. Kan nawa girma yake yi. Sai dai ba irin wanda suke nufi ba.

Da hula abin ya fara. Baffa, yayan mahaifina, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami bayan babana ya rasu. Ranar da na yi aure ya ciro hular babana daga cikin adaka ya sa mini da hannunsa. Hula ce ɗinkin hannu, mai ruwan ƙasa. Ba na sa ta sai Juma'a da ranar Sallah. Wata Juma'a na sa, na ji ta matse ni. Na kai wa mai wankin hula a Bici, ya ɗora ta a babban gungume ta buɗe. Ba a daɗe ba ta sake matsewa. Daga baya sai ta riƙa zama a tsakar kaina kamar murfin da ba na tukunyar ba. Na ajiye ta na sayi wata a kasuwa.

Baffa ya ga sabuwar hula a kaina, bai ce komai ba. Shi kuwa in bai ce komai ba, to ya faɗi da yawa.

Bayan hula sai takalmi. Bayan takalmi sai hannu: yatsuna suka yi kauri har ƙotar fartanya ta zama kamar ta yara. Haɓata ta turo gaba, haƙorana suka yi wushirya da tsufana. Gwiwoyina suka kumbura. Maiɗakina ta ce minsharina yana korar kaji daga akurki. Mutane suka ce na samu duniya, jin daɗi ne yake buɗa ni. Ni da tuwon dawa da miyar kuka ne safe da dare, ga ciwon kai kamar ana dakan gero a bayan idona.

Sai ido ya biyo baya. Gabana ina gani sarai. Gefe da gefe ne ya tafi, a hankali, har ban san ya tafi ba. Na zama kamar mai leƙe ta cikin bututu. Sai in wuce dattawa a dakali ban yi sallama ba. Sai mutum ya miƙo mini hannu ta gefe in bar shi da hannu a iska. Wata rana ina dawowa daga gona, Baffa yana zaune a gindin ɗorawa a bakin hanya, na wuce shi da taku kaɗan.

Da yamma ya sa aka kira ni.

“Ka wuce ni kamar kututture.”

“Wallahi Baffa ban gan ku ba.”

“Na sani. Wanda ya ajiye hular ubansa ina zai ga wan ubansa?”

Na sha ƙwayoyin kemis. Wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya. Na sha rubutu. Da na yi karo da amalanken shanu da rana tsaka, maiɗakina ta ce ita ta gaji, sai mun je an duba idon. Masu duba ido suka ce idon lafiyarsa ƙalau, a baya matsalar take, suka tura mu babban asibiti a birni. Can aka cusa ni cikin wata na'ura mai ƙugi kamar injin niƙa, aka ɗauki hoton cikin kaina.

Likitan Bahaushe ne, bai kai ƙanena ba a shekaru. Ya nuna mini hoton, ban gane komai ba, sai ya yi mini bayani da baki. Ya ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, shi yake ba jiki umarnin girma. Ƙari ne ya fito a jikinsa, yana ta ba da umarni ba tsayawa, kuma ya taso ya danne jijiyar ido. In aka bar shi, sauran ganin ma zai tafi.

Na ce, “Wato kaina ne ya girma?”

Ya ce, “Har da shi, Baba.”

Na ce, “To mutanen garinmu sun riga ka gani, kuma ba su da na'ura.”

Na zaci fasa kan za su yi kamar kabewa. Ya ce a'a, ta hanci za su bi. Na ce ta hanci kuma? Ya ce ita ce gajeriyar hanya. In sun ciro ƙarin, za su yanko ɗan kitse a gefen cibiyata su toshe ramin da suka bi. Ban ƙara tambaya ba. Wanda ya ba da kai a yi aski ba ya tambayar inda aska za ta bi.

Da bazara aka yi aikin. Na farka hancina cike da auduga, ina numfashi ta baki kamar tunkiya a rana. Ƙishirwa ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba ko a azumin zafi. In sha, in yi fitsari, in sha, in yi fitsari, sai da suka ba ni magani ta lafa. Amma wata safiya ina kwance ina kallon sama, sai na ga maiɗakina a gefena tana ɓare lemo, ban kuwa juya kai ba.

Na ce, “Tun yaushe kike nan?”

Ta ce, “Nan nake zama kullum, Malam. Kai ne ba ka gani.”

Ranar sallama likita ya zaunar da mu, ya ce in buɗe kunne. Kada in fyace hanci. In atishawa ta zo in buɗe baki. Kada in shaƙa ruwa a alwala. Kada in ɗauki kaya, kada in yi yunƙuri. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce babba a ciki, kada in sunkuya, sai ranar da shi ya ce. Ya ce ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune, kitsen nan ne kaɗai ya tare shi kafin wurin ya haɗe. In toshin ya goce ruwan zai tsiyayo ta hanci, kuma hanyar da ruwa ya fita ta nan cuta take shiga. Ya ce sanƙarau. Wannan kam na sani, ya ɗauke mana mutane.

Na ce, “Likita, manomi ne ni. Noma ai sunkuyo ne.”

Ya ce, “Bana ka yi kallo.”

Muka dawo gida. Masu dubiya suka cika tsakar gida, kowa ya yi mini sannu sai idonsa ya hau kaina. Wani har ya cire mini hula da kansa, ya juya ni gaba da baya yana neman ɗinki. Babu. Na ce ta hanci aka bi. Aka kalli juna. Don in raba gardama na ɗaga riga na nuna musu inda aka yanki kitse. Nan na yi wa kaina. Kafin la'asar gari ya ɗauka: aikin gwaiwa aka yi mini, kunya ce ta sa na ce kai.

Wannan bai dame ni ba. Bakin mutane ba ya hana gero fitowa.

Na je wurin liman na gaya masa ba ruku'u ba sujada ba shaƙa ruwa. Bai ko ɓata lokaci ba. Ya ce in zauna a kujera in yi ishara, addini bai ɗora wa mutum abin da zai halaka shi ba. Allah ya yafe mini sujada cikin sauƙi. Saura Baffa.

Baffa ya tsufa, ƙafa ta hana shi fita. A zaurensa yake wuni kan buzu da carbi. Zauren nan, kakanmu ne ya gina shi da ƙasa, ya yi masa ƙofa gajera da gangan. Ana cewa ya ce duk wanda zai shiga gidan nan sai ya sunkuyar da kai, ko wane ne. Yaro ma sai ya ɗan duƙa, balle ni da ciwo ya ƙara wa ƙashi. Kowace safiya mazan gidanmu suna shiga su durƙusa gaban buzun su gaishe shi kafin su tafi gona. Haka na taso ina yi tun ban san wanke ido ba.

Na yi tunanin in tsuguna in shiga da jan gindi, kai a miƙe. Gwiwoyina suka ƙi. In na sauka ƙasa ba na tashi sai da yunƙuri, shi ma an hana ni.

Sai na tsaya a waje.

“Salamu alaikum.”

“Wa alaikumus salam.”

“Baffa, kun tashi lafiya?”

Shiru. Sai ƙarar carbi.

“Baffa, likita ne ya hana ni sunkuyawa. Ya ce ruwan kaina zai zubo.”

Shiru.

Haka muka yi ta yi. Sallama yana amsawa don wajibi ce, a gajarce, kamar mai jefa wa kare ƙashi. Gaisuwa kuwa ko uffan. Na aika ƙanena ya yi masa bayani. Ya dawo ya ce Baffa ya ce shi bai taɓa jin inda aka yi wa mutum aikin gwaiwa wuyansa ya sandare ba. Wata safiya ina tsaye a waje ya ɗaga murya yana magana da waɗanda suke ciki, don in ji.

“An ce an je birni a rage girman kai. Ashe ƙarowa aka yi. Ƙofar da ubansa ya sunkuya ya shiga har ya mutu, shi ya fi ƙarfinta.”

Ruwa ya sauka. Kowa ya fita shuka, ni ina zaune a gindin bishiya kamar mutum-mutumin korar tsuntsaye, ƙanena da 'ya'yana suna yi mini aikin. Wannan na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne tsohon nan. Tarinsa ya ƙaru, abincinsa ya ragu. Ina jin tarin daga inda nake tsaye a ƙofa. Mutumin da ya ciyar da ni, ya yi mini kaciya, ya yi mini aure, ya yanka mini gona daga tasa. In ya tafi bai amsa gaisuwata ba, da wane ido zan tsaya a bayan gawarsa?

Wata safiya na gaishe shi, ya yi shiru, sai tari ya sarƙe shi har na ji kamar numfashin ba zai dawo ba. Da ya lafa na koma gida na canza riga. Maiɗakina ta gane.

“Malam, likita fa ya ce...”

“Likita ba shi ya riƙe ni ba.”

“In kan ya zube, Baffan ne zai kwashe?”

Na je, na sunkuya, na shiga. Na durƙusa gaban buzu, na sauke kai ƙasa yadda aka koya mini.

“Baffa, kun tashi lafiya?”

Ya gyara zama. Bai yi sauri ba.

“Lafiya lau. Ka tashi lafiya?”

“Lafiya lau.”

“Ya iyali?”

“Lafiya lau.”

“Ya jikin?”

“Da sauƙi.”

“Ya damina? Geron naka ya fito? Na fadama fa?”

Gaisuwar da ya riƙe tun dawowata duk ya zazzage mini ita a ranar, ɗaya bayan ɗaya, yana jin daɗinsa. Ni kuma kaina a ƙasa, ina jin jini yana taruwa a bayan idona. Sai na ji gishiri a maƙogwarona. Sai ɗigo ya sauka kan buzu. Sai wani. Fari tas kamar ruwan randa.

Ya ce, “Mura kake yi?”

Na ce, “Ba mura ba ce. Ruwan kaina ne.”

Ya sa yatsa ya taɓa, ya murza. Ba yauƙi. Ya kai kusa da idonsa ya duba, ya sake murzawa.

“Tashi.”

“Ba na iya tashi.”

Ya ƙwala wa ƙanena kira. Suka zo shi da ɗana suka ɗaga ni tsaye. Sai muka tsaya muna kallon ƙofa. Wanda ya sunkuya ya shigo, sai ya sunkuya zai fita. Ba wanda ya yi wannan tunanin, har ni. Aka yi ta shawara ruwa yana ɗiga a rigata. Ƙarshe suka cire ƙyauren ɗakin awaki, suka kwantar da ni a kai, suka lulluɓa mini mayafi saboda yayyafi, suka fito da ni a kwance.

Matan gida suka hango an fito da mutum miƙe a lulluɓe daga zauren Baffa. Sai salati da kururuwa. Maƙwabta suka fara shigowa suna inna lillahi. Ina kwance ina jin ana yabon halin Baffa, har da waɗanda na san ba sa shiri da shi. Sai muryarsa daga ciki, da ƙarfin da ban san yana da shi ba:

“Ban mutu ba tukuna! Ku ba su hanya!”

A mota ta hanyar Bici maiɗakina ba ta ce mini komai ba. Tsumma kawai take canza mini a ƙarƙashin hanci. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Likita ya duba ya ajiye fitilarsa.

“Baba, me na ce maka?”

“Ka ce kada in sunkuya.”

“Me ka yi?”

“Na gaida babana.”

Bai yi mini faɗa ba. Ina jin shi ma yana da nasa tsohon a gida. Suka soka mini allura a gadon baya da wani siririn tiyo, don ruwan ya bi ta can ya bar wa hancin sarari ya haɗe. Suka kwantar da ni, ba tashi ba juyi, ga allurai safe da yamma don kada sanƙarau ya shiga. Ciwon kan da na yi a kwanciyar nan ya fi na aikin. Allah ya taimake ni, ɗigon ya tsaya ba a sake shiga hancin ba. Da zai sallame ni ya ce wannan karon an ci sa'a, kada in sake gwada ta. Ya ce in tsohon yana son gaisuwa ya fito waje.

Na ce, “Ba ka san shi ba.”

Na dawo gero ya kai gwiwa. Washegari da safe na nufi zaure don in tsaya a inda na saba. Na riga na yanke: zan gaishe shi daga waje har ɗayanmu ya mutu, ya amsa ko kada ya amsa.

Ƙofar tana nan yadda take. Saman bai motsa ba, azarar kakanmu tana wurinta. Ƙasan ne babu. An cire dokin ƙofa, an haƙe gangare tun daga waje har tsakiyar zaure, zurfinsa ya kusa cinya. Ga jar ƙasa an tara a gefe.

Na tsaya ina kallo. Ƙanena ya matso ya yi ƙasa da murya. Ya ce sun ba Baffa shawara a fasa saman a ɗaga, aikin wuni ɗaya. Baffa ya ce ƙofar ubansa ba a ɗaga ta don kowa ba, ba kuwa za a fara a kansa ba. Amma bai ji an ce kada a taɓa ƙasa ba.

Na gangara, na shiga a miƙe, hulata ko gogar azara ba ta yi ba. A ciki an kifa mini turmi in zauna. Baffa kuma don kada in fi shi tudu, ya sa an shigo da gadonsa an ɗora a kan bulo, ya shimfiɗa buzun a sama. Yana can bisa kamar mai tsaron gona.

“Baffa, kun tashi lafiya?”

“Lafiya lau.” Ya nuna ramin da haɓa. “Gara ce ta ci ƙasan. Shi ya sa.”

“To.”

“Kada ka zaci wani abu.”

“Ban zata ba.”

Ya sa hannu a ƙarƙashin matashi ya ciro hular babana. Ashe ya aika an karɓo ta wurin maiɗakina ina asibiti. Ya ce in matso. Ya cire ta kaina, ya ɗora waccan, ya danna ta gaba, ya danna ta baya. Ta zauna a sama tana lilo. Kumburin nama ya sauka bayan aiki, har zobe ya koma yatsana, amma ƙashi in ya girma ya girma. Ya daɗe yana kallona. Na ce a raina yau dai zai yarda ciwo ne ya hana ni sa ta.

Ya ce, “Mai wankin nan na Bici ya ɓata hula.”

Ya riƙe ta a cinyarsa, ya tambaye ni jiki, ya tambaye ni ido. Ya ɗaga yatsu ta gefen kunnena ya ce nawa ne, na faɗa masa. Ya canza, na sake faɗa. Ya ce to, Allah ya ƙara sauƙi, in tashi in tafi kada in gaji.

Kwana kaɗan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk ruwan ƙofar gida ya bi gangaren nan ya shige zaure. Da safe aka tarar da Baffa a kan gado, takalmansa suna yawo a ƙasa, kwaɗi suna kuka a gindin turmina. Ya ce a gaya mini ga abin da kaina ya jawo.

Bayan kaka likita ya sake ni. Ya ce in sunkuya, in yi sujada, in yi noma, in dai riƙa shan ƙwayoyina ina zuwa ana duba jini da ido, don irin wannan ƙarin wani lokaci yakan sake tohowa. Na dawo na gaya wa Baffa. Na ce gobe zan kawo jaki da mangala in cike ramin, in mayar da dokin ƙofa.

Ya ce, “Wa ya sa ka?”

“Ai na warke, Baffa. Zan iya sunkuyawa.”

“In ya dawo fa?”

“Sai a sake haƙawa.”

“Wa zai sa a haƙa in ba na nan? Waɗannan? Bar shi.”

Ramin yana nan. Baffa ma yana nan, tarin ya tafi, cin tuwonsa ya dawo. Mutanen gari har gobe gwaiwa suke cewa. Duk ruwan da aka yi da damina, kafin in leƙa gonata sai an aiko. Ni ne a duƙe a zauren da ƙwarya ina kwarfe ruwa, kaina ƙasa fiye da yadda ƙofar kakanmu ta taɓa sa ni, shi yana bisa gado da sanda yana nuna mini inda na bari.